Shekara guda a gidan hayar gado na Hayyul Ashir, Alƙahira

Ƙarfe uku na dare jirginmu ya sauka a Alƙahira, cikin watan Oktoba na 2023. Ban zo da tallafin karatu ba, don haka ba ni da gurbi a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban waje da Azhar ke da ita a Abbasiyya, inda masu minha, wato tallafin karatu, ke samun makwanci da abinci kyauta. Baba ne ke ɗaukar nauyina daga shagonsa na yadi a Gusau, kuma ya gaya min tun a gida cewa kowace naira da zai turo ta san hanyar da ta bi kafin ta shiga hannunsa. Wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa da shekara uku shi ya kama min gado a wani gidan ɗalibai a Hayyul Ashir, cikin Madinat Nasr, kusa da Bawwaba ta uku. A nan na yi wata goma sha biyu cif, kuma a kansa nake son yin magana, saboda ƙannenmu da yawa suna tambaya ko irin wannan gida ya cancanci kuɗinsa.

Irin gidan nan sakan ake ce masa. Mai shi wani dattijo ne Bamisire, tsohon malamin makaranta, yana da shaƙƙa uku, wato gidaje uku masu ɗakuna da falo, a bene ɗaya. Bai ba da hayar shaƙƙa sukutum ba, gado yake bayarwa. Tamu tana da ɗaki uku, kowane ɗaki mutum uku, ga falo da kicin da banɗaki biyu. Na fara da fam 1,500 a wata, da ruwa da gas da intanet duk a ciki. Wuta ce kaɗai muke haɗa kuɗi mu sa wa mita kati. Na ba da ta'amin na wata ɗaya, wato kuɗin ajiya da ake mayar maka ranar da za ka tashi idan ba ka ɓata komai ba.

Abu na farko da ya sa na riƙe mutumin nan da mutunci shi ne takarda. Washegarin zuwana ya zaunar da ni a falo, ya fito da aƙadin haya, ya karanta min shi layi-layi da Larabcin littafi, don ya ga ban fara jin yaren titi ba tukuna. Da ya zo kan sharaɗin tashi sai ya ɗaga kai ya ce, "Ka gane, ya shaikh? Wata guda kafin ka tashi za ka sanar da ni. Ni ma wata guda zan ba ka." Na ce, "Na gane, Hajj." Ya sa hannu, na sa, ya ba ni kwafina, ya karɓi kwafin fasfona. Wanda bai zauna a garin nan ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ni na ga ɗalibin da ya tura wa wani kuɗin ajiya tun daga Kano bisa hotunan da ya gani a Facebook, ya iso ya tarar babu gidan, babu mai gidan. Na kuma ga waɗanda suka yi yarjejeniyar baki, bayan wata huɗu aka ce su ƙara kuɗi ko su kwashe kayansu kafin Juma'a.

Kayan gida sun wadatar. Akwai firji, da injin wanki, da tukunyar ɗumama ruwan wanka, da kabad da teburin karatu ga kowa. Ban sayi ko cokali ba. Wannan shi ne ainihin abin da kake biya. Wanda ya kama shaƙƙa babu kaya sai ya biya simsar, dillali ke nan, wanda sau da yawa kuɗin wata guda yake nema, ya biya ajiya, sannan ya shiga neman katifa da murhu da fanka a garin da bai san farashin komai ba, kuma harshensa yana tona cewa baƙo ne.

Abokan zama su ne ribar da ban yi lissafinta ba. A ɗakinmu akwai ɗan Indonesiya da wani ɗan Maraɗi. Sauran ɗakunan akwai 'yan Malesiya biyu da ɗan Chadi. Babu harshen da ya haɗa mu duka sai Larabci, don haka ko rabon wanke-wanke da shi ake yi. A lokacin ina zuwa Markazin Shaikh Zayid a Hayyus Sadis don koyon harshe kafin shiga kwaleji, kuma na tabbata abin da na koya a kicin ɗin nan bai gaza na aji ba. Dokokin gidan ma sun taimaka: babu sigari, babu hayaniya bayan sha ɗaya na dare, baƙo ba ya kwana. Dokar ƙarshen nan ta yi min ciwo sau ɗaya, ranar da wani ɗan uwa ya iso cikin dare bai da wurin sauka, amma na san dalilinta. Da an sassauta ta, da gidan mutum tara ya koma na mutum ashirin.

Yanzu ga inda gidan ya gaza, kuma ba zan rufe ba.

Hawa na biyar muke, babu lif. Ruwa ba ya kai mana sai an kunna injin da ke ƙasa, kuma a lokacin ana cikin ɗauke wuta na rabo, wanda aka fara a bazarar 2023 aka ci gaba har Yulin 2024. Wuta ta tafi, ruwa ya tafi. Muka koyi cika jarkoki tun da safe. Wannan ba laifin Hajj ba ne, amma tanki ɗaya a saman bene da ya kashe maganar, kuma mun roƙa har sau uku ba a sa ba. Murhu ɗaya ne ga mutum tara. Da azumi, kusa da magariba, kicin ɗin nan sai mai haƙuri. Intanet kuwa na gida a Masar da ƙayyadadden awo ake sayar da shi, namu yakan ƙare tun wajen ashirin ga wata, sai kowa ya koma kan layin wayarsa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne kuɗin cizo. Cikin watan Yuni na farka na ga jerin jajayen tabo a damtsena, na ɗaga katifa na haska ɗinkin gefenta da fitilar waya, sai ga su a jere cikin kurmin zaren, da ɗigon baƙi-baƙi kewaye da su. Na gaya wa bawwab, mai gadin benen, wanda muke kira Ammu. Ya ce zai faɗa wa Hajj. Kwana goma aka ɗauka kafin mai feshi ya zo, kuma a kwanakin nan ina shirin jarrabawa, a ƙasa nake kwana a falo. Da aka zo an yi aiki mai kyau, an canja katifa biyu, ba a caje mu ba. Amma kwana goma sun yi yawa ga mutumin da ke biyan haya a kan lokaci.

Sanyi ma a yi masa shiri. Janairun Alƙahira ba irin hunturun gida ba ne da rana ke fitowa ta gasa ka da hantsi. Gidajen ba su da abin ɗumama ɗaki, tayil ɗin ƙasa kamar ƙanƙara. Bargo ɗaya gidan ke bayarwa, na biyun da kuɗina na saya.

Maganar kuɗi ita ce ta fi nauyi, domin shekarar da na zauna a gidan ta zo da matsi ta fuska biyu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Masar, haya ta tashi a unguwanni irin namu. Ranar 6 ga Maris, 2024, aka saki fam kasuwa ta yanke darajarsa, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a banki. A gida kuma dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Abin da Baba ke turowa ya ƙaru a naira, amma abin da yake saya a nan ya ragu. Tukunyar gas da ake ratsa layi da ita ana ƙwanƙwasa ta da sifana ta tashi daga fam 75 zuwa 100 a Maris, ta koma 150 a Satumba, kuɗin hukuma ke nan kafin ladan mai hawo da ita. Duk wannan Hajj bai ƙara mana ko sisi ba har aƙadin ya cika. Da lokacin sabuntawa ya zo ya ce fam 2,200, ya kuma faɗa tun da sauran wata guda kamar yadda ya yi alkawari. Ƙarin ya yi min yawa, amma ban ji an zalunce ni ba.

Abinci bai fi ƙarfin ɗalibi ba idan zai girka. Burodin tallafi da ake ta maganarsa, wanda ya koma kwabo 20 daga kwabo 5 a Yunin 2024, na 'yan ƙasa ne masu katin rabo, mu na kasuwa muke saya. Da safe ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, da dare tukunya. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ban taɓa tuƙa tuwon shinkafa mai kyau kamar da ita ba. Mulukiyyar da suke alfahari da ita lalo ce tamu, kuɓewa tana nan, zoɓo ma yana nan da sunan karkade. Abin da za ka cika jaka da shi daga gida shi ne kuka da daddawa da yaji. Ni da ɗan Maraɗin nan muka haɗa tukunya, kuma ranar da muka kaɗa miyar kuka ɗan Chadi ba ya jiran gayyata.

Nisa ne ya fitar da ni. Da na gama markaz na shiga Kwalejin Usuluddin, sai karatuna ya koma Darrasa, gefen masallacin Azhar. Daga Ashir zuwa can, idan hanya ta cushe, sa'a guda ba ta isa, kuma darussan da malamai ke bayarwa a ruwaƙan masallacin, wato zaurukansa na ɗalibai, bayan asuba da bayan la'asar duk suna wuce ni. Maganar makwancin ɗalibanmu a garin nan tsohuwa ce: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a nan don masu zuwa daga ƙasarsu, daga baya kuma Barebari suka samu ruwaƙinsu a cikin Azhar. Idan na ratsa ta wajen sai in ji zuciyata ta yi sanyi, in tuna ba mu ne farkon masu wannan fama ba.

Yanzu mu biyar muka haɗu muka kama tsohuwar shaƙƙa a Darrasa, abin da ke kan kowa bai kai na sakan ba. Amma mun iya yin haka ne saboda mun riga mun san gari, mun san yadda ake magana da simsar, mun san juna. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa ƙanina da ke shirin zuwa baɗi na ce masa gado zai kama a sakan, ya yi shekara, ya duba ɗinkin katifa kafin ya sa hannu, ya tambayi ko akwai tanki a sama.

Ranar da zan tashi Hajj ya hawo har hawa na biyar da kansa, yana hutawa a kowane hawa. Ya buɗe kabad, ya duba tebur, ya nuna gilashin taga da na fasa da azumi, ya ce fam 100. Na ce haka ne. Ya ƙirga 1,400 ya sa min a hannu, ya ce idan ɗan uwana ya zo in kira shi kai tsaye, kada in bi ta hannun kowa.