Sarƙar babur: wacce za ka saya, da wane mai za ka riƙe ta?

Kafin ka zaro kuɗin sabuwar sarƙa, ka tabbatar ita ce ke kukan. Sabon mai babur da ya ji ƙara daga ƙasa yakan garzaya shago, alhali sau da yawa ɗaurin noti ne kawai maganin abin, wani lokacin ma ciwon ba a nan yake ba. Gwajin ba wuya. Ta da injin kana tsaye, giya na firi. Idan ƙarar na nan, tana kuma ƙaruwa in ka murɗa totur, daga injin take: ƙas-ƙas siriri daga samansa galibi tafet ne ke neman saiti, shaƙar-shaƙar daga gefe kuma sau da yawa ƙaramar sarƙar tayimin ce. Wannan aikin bakanike ne. Idan kuwa ba ka jin komai sai ka fara tafiya, nemi titi mara cunkoso, ka ɗan yi gudu, ka damƙe kulochi ka saki totur. Ƙarar da ta ci gaba tana bin gudun taya, ko dai sarƙa ce, ko boris, ko birki.

Ita kanta sarƙar kukanta iri-iri ne. Kwaram-kwaram a kan gargada, ta saki ne tana dukan murfinta. Kuka siriri mai tsawo da ke hauhawa da gudu, an ɗaure ta fiye da kima, kuma wannan ya fi sakin haɗari ga aljihu, don tana jan sandar giya har ta cinye boris da sil ɗin wurin, mai ya fara yoyo. Ƙat, ƙat da ke dawowa a kan kari ɗaya, wata gaɓa ce ta ƙage saboda tsatsa. Gau ɗin da kake ji lokacin tashi ko sauya giya, duba robobin da ke bayan sufoket, wato farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, a cikin tayar baya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ba ya jiran gobe shi ne ɓarat-ɓarat in ka ɗauki kaya ko kana hawan tudu, don sarƙa ce ke tsallake haƙora.

Ɗora babur a babban jek, ka kama sarƙar a can bayan sufoket ɗin baya ka ja ta waje. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Mai son lissafi ya sa tef: sarƙa mai lamba 428, gaɓa 20 ɗinta milimita 254 ne tana sabuwa, in ya doshi 260 sai canji. Duba haƙoran su ma. In sun yi tsini sun lanƙwashe gefe guda kamar lauje, sun mutu.

A nan ne zaɓin farko yake, kuma nan aka fi tafka asara. Mai shago zai ce maka akwai sarƙa ita kaɗai, akwai kuma saiti, wato sarƙa da sufoket na gaba da na baya. Sayi saitin. Abin da muke cewa sarƙa ta miƙe, ƙusoshin cikin gaɓoɓinta ne suka zaizaye, tazarar ta ƙaru, ta ci haƙoran daidai da sabuwar tazararta. Sabuwar sarƙa a kan waɗannan haƙora ba za ta zauna daidai ba, nan da nan za su mai da ita irin tsohuwar. Haka nan yanke gaɓa da ake yi in wurin ɗauri ya ƙure: zai iya kai ka gida, amma zaizayar tana nan, kuma sarƙar da ta tsinke ana cikin gudu tana iya fasa murfin injin ko ta ƙulle tayar baya da mutum a kai.

Sai lamba. Za ka ga 420, 428, 428H ko 520 a jikin kwali, har a jikin gaɓoɓin. Lambar da ta fara da 4 na nufin tazarar ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ce, mai farawa da 5 kuma kusan 15.9. 420 da 428 tazararsu ɗaya, faɗi ne ya raba su, shi ya sa ba a haɗa sarƙar wannan da sufoket ɗin wancan. Ƙananan babura irin roba-roba da yawa 420 suke ɗauka, akasarin baburan aiki masu cc 125 zuwa 150 kuma 428. Kar ka dogara da ƙiyasi, goge tsohuwar ka karanta lambar, ka ƙirga gaɓoɓinta da haƙoran sufoket biyun, ko ka tafi da su shago. H ɗin nan alama ce ta cewa faifan gefen gaɓoɓin sun fi kauri. Ga ɗan acaɓa, ko mai ɗauko buhunan hatsi daga kasuwar ƙauye a kan Boxer ko TVS, ƙarin kuɗin 428H ya cancanta.

Akwai kuma mai zoben roba, wadda ake rubuta O-ring a kwalinta. Kowace gaɓa an cusa mata giris daga masana'anta an rufe da zobe, ƙura ba ta shiga ciki. Tana daɗewa sosai, kuɗinta kuma ya ɗara nesa. Ta fi faɗi kaɗan, wani lokacin har ta riƙa gogar murfi, kuma fetur ko burushin waya na lalata zobban. Ga babban babur mai sarƙa a buɗe da ke cin dogon zango, ita zan zaɓa. Ga babur ɗin gari mai cikakken murfi, sarƙa gama-gari mai kyau ta wadatar, muddin ba ka cire murfin ba. Samari na cire shi don ado, amma a ƙurar hunturu da taɓon damina wannan murfin ne ke tsawaita ran sarƙa fiye da kowane suna da ke jikin kwali.

Batun suna kuwa, DID da RK na Japan ne, Rolon ta Indiya, sai na China birjik, masu kyau da marasa kyau. Sunan da ya shahara shi aka fi yi wa jabu, don haka sabuwar DID a farashin ta China abin a tsaya a duba ne. Ɗaga ta ka ji nauyinta, ka riƙe ta a kwance ta gefe: mai inganci ba ta lanƙwasa sosai. Ka nemi tambari a jikin gaɓoɓin, kan ƙusoshin kuma su zama bai ɗaya. In akwai dilan kamfanin babur ɗinka kusa, fara tambayar farashinsa, ko don ka san ma'auni.

Wani zai ba ka shawarar ƙara haƙoran baya. Gaskiya ne babur zai ƙara ƙarfin ja, amma gudu zai ragu, shan mai ya ƙaru a doguwar hanya. Rage haƙori ɗaya a gaba yana daidai da ƙara kusan uku a baya. Sabon shiga ya bar su yadda kamfani ya sa.

Saura mai. Baƙin mai da aka juye daga inji kyauta ne, shi ya sa kowa ke zuba shi, amma ɗauke yake da garin ƙarfe, ga tsinkewa, tafiya kaɗan ya fantsame a taya da ƙafar wando. Giris a waje yake tsayawa, bai ratsa inda ƙusa ke juyawa, sai dai ya tara yashi ya taya shi cin ƙarfen. Man feshi na gwangwani da aka yi don sarƙa yana da tsabta, yana mannewa, ya dace da mai zoben roba, sai dai tsada. Man giya mai lamba 90 shi na fi ba sabon mai babur shawara: yana da kauri, yana ratsawa, kamfanoni da dama shi suke rubutawa a littafin babur, kuma kwalba ɗaya za ta daɗe maka.

Wanke sarƙar da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga man ta cikin sarƙar kana juya taya da hannu, ka goge rarar da tsumma. Inji a kashe, don Allah. Mutane sun rasa yatsu wajen shafa mai babur na cikin giya. Yi haka kusan duk kilomita 500, da duk lokacin da ka keta ruwa. Sannan ka juya tayar ka nemo inda sarƙar ta fi tauri, a nan za ka auna wasanta a tsakiya, milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa ga yawancin ƙananan babura, sai in littafinka ya faɗi daban. Ɗaure notocin gefe biyu daidai da juna bisa zanen da ke jikin ƙarfen, don kada taya ta karkace. Ranar da bakanike ya sa maka sabon saitin, tsaya ka kalli makullin gaɓar haɗi: rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Ka koma a sake ɗaure ta bayan 'yan kwanaki, don sabuwa takan ɗan saki a farkon amfani.