TP4056, CN3065 ko CN3791: wanne zai yi maka a gona

Salamu alaikum jama'a. Ɗan uwanmu na Gadarif a Sudan ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce yana da fanel ɗin sola ƙarami mai bolt 6 wat 6, da batiran litiyom samfurin 18650 guda uku da ya ciro daga tsohon batirin laftof, yana so ya haɗa fitila da ɗan cajin waya saboda zaman gona na damina, mai shago kuma ya nuna masa bod ɗin cajin batir kala uku, TP4056, CN3065 da CN3791, ya rasa wanda zai ɗauka. Toh ɗan uwa ga abin da na sani, masu sana'ar cikinmu su ƙara.

Bod ɗin nan dukkansu ukun batirin litiyom ƙwaya ɗaya suke caji, su tsaya a bolt 4.2. Batiranka uku in ka haɗa su kai da kai gindi da gindi sun zama kamar guda ɗaya babba, amma ka fara gwada su da mita ka tabbata ƙarfinsu ya zo kusa kafin ka haɗa, wanda ya yi ƙasa sosai ko yake ɗumi in ana caji ka ajiye shi gefe kawai.

TP4056 shi ne shuɗin nan da kowa ya sani, mai ramin caja da ƴan fitilu biyu, ja yana caji shuɗi ya cika. Ya fi arha kuma ko ina akwai shi. Matsalarsa ba don rana aka yi shi ba, don cajar bango mai bolt 5 aka yi shi. Daga masana'anta an saita shi ya ja amfiya 1, shi kuma bai san ko hadari ya taso ba, zai ci gaba da neman amfiya ɗayansa ko fanel bai da ita, sai bolt ɗin fanel ya faɗi, cajin ya yi ta kamawa yana saki. Kai kuma a Gadarif daga Yuni har wajen Oktoba ai kasan yadda gajimare yake. Sannan duk rarar bolt ɗin da ke tsakanin fanel da batir zafi yake mayar da ita, bolt 6 ya shiga batir yana kan 3.7, kaga wajen kashi 40 cikin 100 na wutar ya tafi a ɗumama ɗan bod ɗin, in ya yi zafi da yawa kuma da kansa yake rage caji. Abin da zan yaba masa shi ne wanda ke da ƙafafu huɗu, B+ B- da OUT+ OUT-, yana zuwa da kariya a jikinsa, yana yanke wuta in batir ya sauka wajen bolt 2.4 ko in wayoyin wuta biyu suka taɓa juna. Kuma yana jure har bolt 8. In dole shi za ka yi amfani da shi, a canja maka ƴar rizistar nan ta 1.2k a sa 2k, zai koma jan kamar 580mA, wato sama da rabin amfiya kaɗan, fanel ɗinka ya samu sauƙi. Kada dai ka juya ƙafar batir ko sau ɗaya, nan take yake ƙonewa.

CN3065 shi don rana aka yi shi, yana lura da abin da fanel zai iya bayarwa ya rage jansa daidai da haka, rana ta yi sanyi ya bi ta a hankali maimakon ya tsaya. Amma shi ma rarar bolt zafi take zama, yawancin bod ɗin 500mA ake saita su, kuma iyakarsa bolt 4.4 zuwa 6 ne. Nan ne fa bai dace da kai ba, don fanel ɗin da aka rubuta wa bolt 6 in babu komai a kansa da tsakar rana yana haura 7. Wanda ke da fanel mai bolt 5 na wat 1 ko 2 da batir guda, ƴar fitilar tsakar gida, wannan shi ne nasa.

CN3791 ni shi zan ce ka ɗauka, shi ne wanda za ka ga an rubuta MPPT, wato mai tatso iyakar wutar da fanel zai iya bayarwa, da ɗan naɗin waya baƙi a kansa. Aikinsa daban ne, ba ya ƙona rarar bolt, juya ta yake ta koma amfiya. Fanel ɗinka in ya bada bolt 6 amfiya 1, abin da zai shiga batir zai kai wajen amfiya 1.4, TP4056 kuwa ko rana ta kai yaya ba zai wuce ɗaya ba. Kuma yana riƙe fanel a bolt ɗin da aka saita masa, in hadari ya rufe sai ya rage caji kawai, bai bari fanel ya durƙushe. Sai dai a kula, ana sayar da shi kala kala, akwai na bolt 6 akwai na 9 akwai na 12, in ka ɗauki na 12 ka jona wa fanel mai 6 wlh ko motsi ba zai yi ba, za ka ɗauka ya lalace ne alhali lafiyarsa lau. Juya bayan fanel ɗinka ka duba inda aka rubuta Vmp, wato bolt ɗin da fanel ya fi bada wuta a kai, ka sayi wanda ya zo daidai da shi. Ya fi sauran tsada, kuma galibi bai zuwa da kariya, sai ka ƙara masa ɗan BMS na 1S, wato bod ɗin kariya na batir ƙwaya ɗaya, tsakaninsa da batir, in ba haka ba fitila ta kwana a kunne ta tsotse batiran su mutu.

Cajin waya kuma babu ɗayansu da zai yi maka kai tsaye, batir 3.7 yake bayarwa waya 5 take so, sai ka nemi ɗan bod mai ɗaga wuta mai ramin USB ka jona bayan kariyar. Batira uku tsofaffi kuma kar ka sa musu rai da yawa, fitila da waya ɗaya ne, ba wayoyin duk ƴan aikin ridi ba.

Zafi shi ne abin da ya fi damuna da haɗin nan a ƙasar nan. Litiyom bai son a caje shi sama da digiri 45, akwatin roba kuwa in ka bar shi a rana ko ƙarƙashin kwano a watan Afrilu da Mayu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Fanel kaɗai ne zai hau sama, ka ja waya mai ɗan kauri ka kai bod da batira cikin bukka inda iska ke shiga, kar a kusa da katifa ko buhun dawa. In habub, wato guguwar ƙura, ya wuce ka goge fuskar fanel da tsumma, ƙura kaɗai tana cin wuta sosai.

Ga masu batirin LiFePO4, wani kalar litiyom mai bolt 3.2, na ga wasu ƴan Kasala da Mai Wurno sun fara samu, kar ku sa masa ko ɗaya cikin ukun nan, shi a 3.6 yake cika, 4.2 zai lalata shi. Kai kuma ɗan uwa turo mana hoton bayan fanel ɗin da na bod ɗin kafin ka biya kuɗi, mu duba maka lambar.