Na kai baƙar motata wurin masu bofin a Hotoro, ga yadda muka kwashe

Duk wanda ya sayi baƙar mota a Kano ya sayo wa kansa aiki, kuma ni ban da bakin yin ƙorafi, don an gaya mini na ƙi ji. Camry ce ƙirar 2009, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, 'yar Kwatano. Shekara shida ke nan tana hannuna. Ranar da aka kawo ta, in ka tsaya jikin ƙofa sai ka ga fuskarka har da zanen hularka. Bana kuwa, bayan hunturu ya ɗaga, na fito daga masallacin Juma'a na hango ta a cikin rana, sai da na sake duba lamba. Baƙin ya koma toka-toka, bonet kuma ya cika da wasu siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo, duk inda hasken rana ya sauka sai su yi masa ƙawanya.

Da farko fenti na yi niyya. Wani abokin aikina da ke taɓa dillancin motoci ya hana ni. Ya ce muddin na sake mata fenti ta tashi daga fes bodi, wato motar da ke da fentinta na asali, ranar sayarwa kuma sai na ji a jikina. Shi ya kwatanta mini wani wuri a wajen Hotoro inda ake wanki na musamman da bofin, wato goge fenti da inji ya dawo da sheƙinsa, ya ce in je in ji ta bakinsu kafin in yi ɓarna.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce mai cin mota uku, an zagaye gefe biyu da tamfol saboda ƙura, ga janareto a bayan gida, ga tankin ruwa. Mai wurin matashi ne, ba zai wuce shekara 35 ba, da yara uku a ƙarƙashinsa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi mini kuɗi nan take ba. Ya sa aka ɗauraye motar, aka shigar da ita inuwa, ya ɗauko tocila mai farin haske yana haska jikinta kusa-kusa. Sannan ya fito da wata 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, yana ɗora ta a kan ƙarfen yana karanta lamba.

Na ce, "Malam, wannan kuma ta mene ce?"

Ya ce, "Alhaji, kaurin fenti take aunawa. Sai na san abin da ya rage kafin in sa inji."

A nan na koyi abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina tuƙi. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai mai launin, sannan a sama akwai wani garai-garai marar launi wanda suke kira kiliya. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare rana. Duka hawan in an haɗa, a fentin kamfani, yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliya kuma ba ta cika wuce 40 zuwa 50 daga ciki ba. Silin gashin mutum ma ya fi ta kauri. Shi bofin ba ƙara wa mota komai yake yi ba, kankare saman kiliyar yake yi kaɗan har ta daidaita da zurfin ƙarcen, sai haske ya daina watsewa. Abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan.

Bonet da rufi suka nuna wajen 110. Da ya zo ƙofar baya ta hannun dama sai na'urar ta haura 300, a wani gurbi kusa da hannun ƙofa ta wuce 900. Ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, an taɓa buge nan?"

Na ce ko kusa, ni dai ban taɓa ba. Ya ce to kafin ta zo hannuna an yi, an cike da bodi fila an fesa fenti. Shekara shida ina yi wa mutane alfahari da fes bodi, ashe ƙofa guda ta riga ta sha guduma tun a can. Ban ji daɗi ba, amma gara da na ji a nan da in ji a bakin mai saye.

Ya kuma sa na ja farcena a kan wani dogon ƙarce da ke gefen direba, wanda wani mai adaidaita sahu ya yi mini a kasuwar Sabon Gari. Farcen ya maƙale. Ya ce wannan ya ratsa kiliya, inji ba zai fitar da shi ba, iyakaci ya rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. Haka ma wasu tabo biyu a rufi inda kashin tsuntsu ya kwana ya ci fentin, don a ƙarƙashin darbejiya nake ajiye ta a ofis. Ya faɗa mini tun kafin a fara cewa waɗannan za su rage. Wannan gaskiyar ita ta sa na yarda da shi. Muka yi ciniki daga N100,000 zuwa N85,000, ciki da waje, har da fitilun gaba. Ya ce in dawo gobe da la'asar.

Ban tafi ba, don ranar Asabar ce kuma ina son in gani da idona. Wankin kansa daban ne da wanda na saba. Bokiti biyu suka ajiye, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin mota. Tayoyi da sosonsu daban. Bayan ta bushe, yaron ya ba ni leda ya ce in sa hannu a ciki in shafa bonet. Wallahi kamar na shafa bangon da aka yi wa yaɓen siminti, alhali a ido fes take. Sai ya ɗauko wani abu mai danƙo kamar cingam, suna ce masa kile, yana fesa ruwa mai santsi yana goga shi a hankali. Kafin ya gama rabin bonet abin ya koma ruwan ƙasa. Kwalta ce da ƙurar birki da danƙon bishiya da suka nutse a fentin, waɗanda sabulu ba ya cirewa.

Daga nan aka bi robobin gilasai da tambarin mota da tef aka rufe. Mai wurin ya manna tef ɗaya a tsakiyar bonet ya raba shi biyu, ya yi aiki a ɓangare guda kawai. Injuna biyu gare shi. Ɗaya irin wanda masu fenti ke amfani da shi ne, mai juyawa waje ɗaya, yana ci da sauri amma yana ɗaukar zafi, in hannu bai ƙware ba sai ya ƙone fenti a kan kusurwa ko ya bar wasu inuwoyi masu walƙiya da ake gani a rana. Ɗayan yana juyawa yana kuma karkarwa lokaci guda, ya fi jinkiri amma ya fi aminci. Da na biyun ya yi kusan duka aikin. Ya ɗiga man gogewa mai kaushi na Meguiar's ɗigo huɗu a kan soson injin, ya bi wuri kamar faɗin sallaya rabi, a tsaye sannan a kwance, yana tafiya a hankali kamar mai guga. Ya canza soso mai laushi da mai marar kaushi ya sake bi. Abin da na fi lura da shi, bayan ya gama sai ya fesa wani ruwa mai warin sifirit ya goge. Ya ce wasu mayukan cike ƙarce kawai suke yi, mota ta yi kyau kwana goma, wanki biyu ya tona asiri. In an goge da wannan ruwan, abin da ido ya gani shi ne gaskiyar fentin.

Da ya ɓare tef ɗin, sai da na yi salati. Rabi toka, rabi baƙi wuluk kamar tawada, tocilar ta fito a ciki ɗigo ɗaya tsaf ba zagaye ko ɗaya. Ya sake aunawa, bambancin bai wuce maikiron uku zuwa huɗu ba.

To, yanzu ga inda suka ɓata mini rai. Goben da aka ce ta zama jibi da azahar. Ranar Lahadi na zo da la'asar na tarar ko gefe ɗaya ba a gama ba, wai babu wuta kuma janareto ya ƙi tashi tun safe. Wannan ba laifin kowa ba ne a garin nan, amma waya fa? Lambata tana hannunsu, ba wanda ya kira. Na biya kuɗin adaidaita zuwa da komowa a banza, ranar Litinin kuma uwargida ce ta kai yara makaranta ta sauke ni a ofis, abin da har yau ake yi mini gori a kai. Wurin zama ma babu, benci ɗaya ne a bakin rumfa, rana na dukansa daga sha biyu.

Na biyu, aikin ciki bai kai na waje ba ko kusa. An wanke kujeru da kafet sun fita, warin da ya daɗe a but ya tafi, wannan na yaba. Amma wani yaro ya malale dashbod da wani mai mai sheƙi, har da sitiyari. Na kama sitiyari yana zamewa a hannuna, hasken dashbod kuma yana dawowa a gilashin gaba yana kashe ido. Kafin in kai gida ƙura ta manne a kai. Sai da na dawo washegari aka goge shi da tsumma mai ɗanshi. Na kuma tarar da farin busasshen mai a tsagin ƙofofi da gefen murfin tanki, inda ba a bi da buroshi ba. Ƙananan abubuwa ne, amma wanda ya karɓi N85,000 bai kamata a nuna masa su ba.

Akwai kuma tallan siramik, wani ruwa da ake shafa wa fenti ya bushe ya zama kariya. Babban yaron wurin ya bi ni har bakin titi yana cewa in ƙara kuɗi a shafa mata, wai ko da ƙusa aka ja ba za ta ƙarce ba. Da na tambayi maigidansa sai ya yi dariya ya ce ƙarya ne. Siramik yana sa ruwa ya zame, datti ba ya kamawa sosai, ya kuma fi kakin mota daɗewa nesa ba kusa ba, amma ba sulke ba ne. Na tsaya a kan kaki, wanda ya ce zai yi wata biyu zuwa uku a zafin Kano kafin a sake. Ya kamata ya ja wa yaron kunne, don wani zai biya ne a kan wannan alƙawarin.

Fitilun gaba kuwa sun ba ni mamaki fiye da fentin. Sun yi jawur kamar an shafa musu man ja, da daddare da ƙyar nake ganin hanyar Wudil. Aka bi su da samfefa mai ruwa, daga mai kaushi har zuwa lamba 2000 da 3000, aka goge da inji, aka shafa abin kare rana. Ya ce in ba a shafa wannan ba, cikin 'yan watanni za su koma yadda suke, don roba ce ba gilashi ba. Yanzu wata uku ke nan, garau suke.

Fentin ma yana nan da kyansa. Ƙarcen mai adaidaita yana nan in ka san inda yake, tabon rufi ma haka, ƙofar da aka taɓa yi wa fenti kuma ta ɗan fi sauran duhu in rana ta faɗi a kanta. Ya ƙi matsa mata da inji, ya ce bai san irin kiliyar da aka fesa ba. Sauran jikin kuwa, maƙwabcina sai da ya tambaye ni nawa na sayi sabuwar.

Da zan tafi na tambaye shi me ya jawo saƙar gizo-gizon tun farko. Ya ce, "Wa ke goge ta da safe?" Na ce Baba mai gadi, kullum, da wata tsohuwar singileti, ko ban sa shi ba. Ya kama kai. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in aka goge ta a bushe daidai take da samfefa. Ga kuma masu wankin bakin titi da omo da soso ɗaya tun daga taya har rufi, omon yana wanke kakin, soson yana yin zane. Ya ce kada in sake kawo ta bofin nan kusa, kiliyar ba za ta jure a riƙa yi duk shekara ba, wanki da kaki kawai za a riƙa yi. Mutum yana korar cinikin kansa, ka san ba ƙaramin abu ba ne. Motar uwargida zan kai masa bayan sallah, amma zan ce kada a taɓa dashbod, kuma ba zan yarda da "gobe" ba sai na ji janareto yana ƙara.

Na sayi tawul masu laushi guda huɗu a wurinsa da bokiti biyu. Wahalar da ta rage ita ce Baba. Na yi masa bayani har sau uku, na ce in ya ga ƙura ya bar ta, in ba ruwa kada a taɓa. Ya ce, "To, Alhaji," amma ransa bai so ba, a ganinsa na raina aikinsa ne. Shekaranjiya da asuba na leƙo ta taga na gan shi tsaye jikin motar, singiletin a kafaɗa, yana kallon ƙurar da ta kwanta a bonet. Ya daɗe a tsaye. Can ya waiga hagu da dama, ya goge madubin gefe ɗaya da sauri, ya koma kan bencinsa.