Wane mandolin za ka saya idan kana son shiga da'irar makaɗan bulugiras?

A garuruwan Amurka da dama, musamman jihohin Kentaki da Tenesi da Bajiniya da Karolaina ta Arewa, akwai wata al'ada ta makaɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka da ake yi da kayan tsirkiya, da suke kira jam. Mutane ne ke haɗuwa da yamma a bayan wani shago ko filin biki, su yi da'ira, kowa da abin kiɗansa: jita, banjo, gogen Turawa, babban bas (ƙaton goge mai kaurin murya), sai kuma ɗan ƙaramin cikinsu, mandolin. Ba tikiti, ba gayyata. A gidan kiɗa na Station Inn da ke birnin Nashbil ana yin irin wannan zama kowane daren Lahadi. Amma wanda ya fara koyo yakan yi shekara yana tsayawa a bayan da'ira, akwati a rufe, yana cewa sai ya sayi mandolin na kirki tukuna. Wannan jagora don shi ne, domin rabin tsoron nan kuɗi na iya magance shi, sauran rabin kuwa ko nawa ka kashe yana nan.

Sai ka san aikin da abin zai yi kafin ka taya. Kiɗan bulugiras ba shi da ganga. A kowane duka huɗu na waƙa, bas ne ke buga dukan farko da na uku, mandolin kuma ya cike na biyu da na huɗu da wani gajeren bugu mai kaifi, kamar tafi. Makaɗan suna kiransa cof, ni kuwa sara nake ce masa, don abin da yake kenan: ka danne tsirkiyoyi, ka sare su, ka saki yatsu nan take sautin ya mutu. A zaman da za a yi waƙa ashirin, kusan duk lokacinka sara za ka yi ta yi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane mandolin a shago ita ce, saransa zai fito a tsakanin banjo biyu da jita uku?

Wannan tambaya ita kaɗai ta kori wasu. Mandolin mai bayan ƙwarya, irin na birnin Nafoli a Italiya, yana da zaƙin murya amma ba nan ne gidansa ba, ga shi yana zamewa a ciki idan kana tsaye. Mai rami ɗaya zagayayye a tsakiya ma sautinsa yana da taushi da jan numfashi, ya fi dacewa da kiɗan Ailan. Abin da kake nema shi ne mai tsaga biyu a fuska irin na gogen Turawa, masu kama da harafin f, da fuska mai ɗan tudu.

Daga nan sai babbar gardama: samfurin A ko samfurin F. Na A kamar ɗigon ruwa yake, ba ado. Na F yana da wani naɗi a kafaɗa da ƙahoni masu tsini, kuma shi ne kowa ke mafarki, saboda Bill Monroe. Wannan mutumin, haifaffen Kentaki a 1911, shi ne ya kafa ƙungiyar Blue Grass Boys wadda kiɗan ya samo suna daga gare ta. Mandolin ɗinsa Gibson F-5 ne, mai ɗauke da sa hannun injiniyan kamfanin, Lloyd Loar, na ranar 9 ga Yuli, 1923. A shagon aski ya gan shi a Fulorida cikin shekarun 1940, ya saya dala 150. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tona wuta, aka tattara ɓaraguzan aka sake haɗa shi a kamfanin Gibson, yanzu yana gidan tarihin kiɗan kantiri a Nashbil. Tun daga zamanin Monroe duk yaron da ya ɗauki mandolin yana ganin sai da naɗin nan zai zama makaɗi.

Gaskiyar magana, naɗin kusan toshe yake da itace. Aikinsa biyu: kyau, da wurin rataya maɗauri. Abin da ya sa F-5 na Loar ya yi fice shi ne tsagar f ɗin, da dogon wuya, da yadda aka sassaƙa fuskar, kuma duk waɗannan ana samunsu a samfurin A na zamani. Sassaƙa naɗin da yi masa baki yana cin lokacin maƙeri sosai, kai ne kuma za ka biya wannan lokacin. Tim O'Brien, ɗaya daga cikin manyan makaɗan wannan fanni, ya shafe shekaru yana hawa dandali da samfurin A, ba wanda ya ce ya sauka. A ganina, duk wanda kuɗinsa bai kai dala 1,000 ba, ya sayi A. Da kuɗi ɗaya za ka samu A mai kyau ko F mai rauni. Sai dai ban raina mai son F ba. Idan kallonsa ne zai sa ka buɗe akwati kullum, to wannan ma dalili ne, muddin ka san abin da kake biya.

Abin da ya fi siffa muhimmanci shi ne itace. Na ƙasa da dala 200 yawanci da falle-fallen katako aka manna su, aka matse da inji. Za su yi ƙara a ɗakinka, amma a da'ira sai ka ga hannunka na motsi ba ka jin komai, daga nan ka fara duka da ƙarfi, hannu ya sandare, lokaci ya kuɓuce. Nemi wanda aka rubuta cewa fuskarsa itacen sufurus ne gunduma guda kuma sassaƙaƙƙe, baya da gefe kuma itacen mefil. A wannan mataki sunaye uku ne ke yawo a bakin malamai. Kentucky KM-150 samfurin A ne, tsohon abokin masu koyo, sautinsa a buɗe yake. Eastman MD305, wanda ake yi da hannu a Sin, shi ma A ne, fentinsa marar sheƙi kuma siriri, wanda ke barin itace ya yi rawa. Ɗan'uwansa MD315 shi ne na F, da ƙarin 'yan ɗaruruwan daloli. Sai kamfanin The Loar, wanda ya ari sunan injiniyan nan, yana da F masu sauƙin kuɗi, ko da yake wasunsu fentin ya yi kauri. Na A ɗin nan suna faɗawa wajen dala 400 zuwa 700. Idan aka ce in zaɓa wa wanda ban sani ba, MD305 zan nuna masa.

Sama da nan akwai na kamfanonin Northfield, da Weber, da Collings na birnin Ostin a Tekzas wanda ƙaraminsa ya haura dala 3,000. Kayan kirki ne, amma ba na shekarar farko ba. Kunnenka bai riga ya san abin da yake so ba.

Yanzu ga abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ya fi shafar ƙarfin zuciya: saiti. Mandolin yana da tsirkiya takwas, bibbiyu, a ɗaure tamau kan G, D, A, E kamar gogen Turawa. Jakin da suke hawa ba a manne yake ba, matsin tsirkiyoyin ne kawai ke riƙe shi. Idan ya goce kaɗan, duk yadda ka saita, sautin zai karkace da zarar ka hau wuya. Idan kuma tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, yatsunka za su yi ƙuna cikin minti goma. Kamun sara na G kuwa dama wahala ne da shi: ƙaramin yatsa a gaɓa ta bakwai ta wuyan mandolin, na kusa da shi a ta biyar, sauran biyu a ta biyu da ta uku. A mandolin marar saiti wannan kamu azaba ce, kuma mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa ba su da baiwa, alhali laifin jaki ne. Don haka sayen a shagon da ke saita kaya kafin ya aiko, irin su Elderly Instruments na Mishigan, ya fi sayen mai rahusa a babbar kasuwar intanet inda za a turo maka kwali yadda ya fito daga masana'anta. Idan na hannu ka samu, duba ko fuskar ta lotsa a ƙarƙashin jaki, ko wuya ya fara rabuwa da jiki, sannan ka ware kuɗin kai shi wurin mai gyara.

Ƙananan kaya ba su da tsada amma suna da tasiri. Pik, wato ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, irin na jita mai laushi ba zai yi ba. Nemi mai kaurin milimita 1.4 ko 1.5, mai faɗi. Dunlop Primetone ya wadatar. BlueChip da ake ta yabo yana da daɗin riƙo, amma guda ɗaya ya haura dala 30, kuma ranar da ya faɗi a ciyawar filin biki za ka san ka yi asara. Tsirkiya D'Addario EJ74 ita ce ta gama-gari. Na'urar saita sauti da ake maƙalawa a kai wajibi ce, domin 'yan da'ira za su yafe maka kuskuren yatsa sau goma amma ba su jure tsirkiyar da ta saki. Maɗauri ma haka, don yawanci a tsaye ake yi. Kapo kuwa, abin da ake matse wuya da shi don ɗaga sauti, bar wa masu jita da banjo, kai ba ka buƙatarsa. Kamun sara yana tafiya: ka matsa da shi gaɓa biyu ya zama A, gaɓa huɗu ya zama B.

Ragowar kuɗin da ka ceto daga naɗi, ga inda ya kamata ya tafi. Darussan bidiyo irin na ArtistWorks, inda Mike Marshall ke koyarwa, ko na Peghead Nation, suna gyara hannu, kuma MandoLessons yana da da yawa kyauta. Amma bidiyo yana jiranka idan ka yi tuntuɓe, da'ira kuwa ba ta jira. Manhajar Strum Machine ta fi kusa da gaskiya: tana buga maka jita da bas a kowane sauri ka zaɓa, ba ta tsayawa don ka ɓace, sai ka koyi tsalle ka koma ciki. Wanda ya fi duka shi ne ajin da ake yi da mutane. Pete Wernick, mai banjo da suka yi ƙungiyar Hot Rize tare da O'Brien, ya tsara wata hanya ta koyar da shiga jam, kuma malamai na bin ta a jihohi da dama har da wasu ƙasashe. Sharaɗinsu kaɗan ne: ka iya saita abin kiɗanka, ka iya sauya kamu tsakanin G, C, D da A. A can ne za ka koyi abin da ba a sayarwa a shago: karanta yatsun mai jita don gane inda waƙa ta nufa, rage ƙara idan ana rera baiti, girgiza kai idan an kalle ka a ba ka fili ba ka shirya ba, da lura da ƙafar mai jan waƙa idan ya ɗaga ta alamar an zo ƙarshe. Wannan girgiza kan halal ce, ko gwanaye suna yi. Kana iya yin dare guda kana sara kawai a gefen mai bas, a tashi ana gaishe ka.

Abu na ƙarshe, akwati. Itacen gunduma yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Ɗakin da ake hura wa zafi lokacin sanyin Amurka yana busar da shi, kuma idan kana da niyyar zuwa da shi gida, hunturun Kano ko Damagaram ya fi wannan muni, don danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar na iya tsagewa. Sayi akwati mai tauri da ɗan abin riƙe danshi da ake sakawa ciki, ka riƙa jiƙa sosonsa duk bayan 'yan kwanaki har damina ta sauka.