Hattara da mai kayan tsohuwar Fijo da ke cewa shagonsa na Abossey Okai

Assalamu alaikum jama'ar zango. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi mutum da furfura a gemu ya fito ya ce yaro ya yi masa wayo. Amma Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani bawan Allah daga Tafo ya miƙo mini wayarsa yana murna, wai ya samu kan injin Fijo, saura ya tura kuɗi. Ina kallon hoton gabana ya faɗi. Na san shi kamar yunwar cikina. Shi ne kan injin da na biya kuɗinsa wata biyu da suka wuce, kuma har yau bai iso Kumasi ba.

Motar da ta jawo mini wannan, Fijo 504 ce ta marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa. Da ita yake zagaya ƙauyuka wajen masu goro lokacin muna yara. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a bayan gidanmu na Aboabo, a ɗore kan bulo, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Masu sayen ƙarfe na Akwatia Line sun yi zarya har sun gaji, Hajiya ta ce muddin tana numfashi ba mai ɗora motar mijinta a sikeli. Bara na ce bari in tashe ta. Duk Asabar da Lahadi, ni da wani dattijon Masta, wato babban makanike, daga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota ta Kumasi, wanda ya koyi aiki tun Fijo na tashe, muna kanta. Mun wanke tanki, mun sauya tiyon birki, mai walda ya toshe inda tsatsa ta cinye a ƙarƙashin ƙafar direba. Ranar da ta fara tashi Hajiya har da hawaye.

Murnar ba ta kai mako ba. Masta ya zaro sandar gwajin mai, sai ga shi ya koma kalar shayi mai madara. Ruwa ya shiga mai. Kan injin 504 na alminiyom ne, gindin kuma baƙin ƙarfe, don haka in mota ta taɓa yin zafi sosai, kan ne ke fara lanƙwasa ko ya tsage. Muka kwance muka kai Magazin aka matsa masa ruwa, sai ga tsaga tsakanin bawul biyu tana gumi. Kuma an riga an taɓa goge fuskarsa tun zamanin Baba, babu sauran naman da za a ƙara ci. Masta ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan ya gama aikinsa. Sai dai a nemo wani."

To nan gizo ke saƙa. Mota ce da ta fito a 1968, Faransa ta daina yin irin tamu a 1983. Kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000, shi ya sa a Najeriya kayanta ba su ɓace ba. Mu nan kuwa an koma motocin Japan da Koriya, tsofaffin Fijo an yanka an sayar a kilo. Na taka Magazin layi layi, kowa sai ya yi dariya ya ce in dawo jibi.

Sai na yi abin da kowa ke yi yanzu, na sa cigiya a wani zauren masu tsofaffin motoci a Facebook, da hoton motar da lambar wayata, har da labarin cewa ta mahaifina ce. Kafin la'asar saƙo ya shigo WhatsApp. Sallama cikakkiya, Hausa tsaf, ya yi wa Baba addu'a. Daga nan ya tambaye ni: injin XN1 ne mai girman cc 1971, ko ƙaramin mai cc 1796? Kafiretar Solex ce a kai? Giyar a sitiyari take ko a ƙasa? Wallahi tambayoyin nan su suka kashe mini jiki. Na ce wanda ya san wannan ba ɗan tasha ba ne. Ya ce shagonsa na Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Akara, yana kawo homyus, wato kayan gwanjo na ƙasar waje, ta Lome, ya turo hoton shago cike da kaya har rufi.

Bai fara da babban abu ba, kuma ku riƙe wannan da kyau. Cewa ya yi, "Alhaji, kada ka yarda da ni tukuna, gwada ni da ƙaramin abu." Na tura sidi 300 na kwantak da kondensa da murfin distirbuto. Kwana uku kaya suka iso tashar Asafo a cikin ƙaramin kwali, masu kyau, Masta da kansa ya yaba. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza.

Bayan mako guda ya turo hotunan kan inji, tsaf, babu ko ƙwarzane, da gasket da kafireta da fitilun baya, duka sidi 4,500. Ya ce wani daga Takoradi na nema, amma saboda marigayi ni ya fi so in samu, sai dai in cika kafin magariba. A hoton, kan injin na kwance a kan jarida mai rubutun Faransanci. Na gani, na ma tambaya, ya ce ai a haka kayan Lome ke zuwa. Na ce mu yi kiran bidiyo, ya ce kyamararsa ta fashe. Da na zo turawa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, sunan da ya fito kafin in sa lambar sirri na mace ne, kuma ba shi ne sunan da na tura wa kuɗin farko ba. Ya ce na matarsa ne, asusunsa ya cika. Abu uku ke nan a yini ɗaya, kowanne ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni kuwa idona na kan ranar da zan ɗauki Hajiya a motar nan in kai ta idi. Ban ma gaya wa Masta ba, wai ina so in ba shi mamaki.

Washegari da hantsi wata lamba ta kira. Murya daban, Turanci da Tuwi, ga ƙarar mota a baya. Wai shi ne direban da aka ba kayana, an tsare su a Nkawkaw, kan hanyar Akara zuwa Kumasi, jami'ai sun ce kayan inji ne babu takarda, sai an ba da 600 ko a sauke kwalin. Na kira mai kaya, ya hau salati yana cewa in taimaka in biya zai mayar mini. Na biya. Bayan azahar direban ya sake kira, wai sun wuce Konongo amma akwai kuɗin ajiya 400 da ba a biya ba tun daga tashar Circle ta Akara. Nan na ce a'a, in ya iso Asafo zan ba shi hannu da hannu. Ya kashe waya. Na zauna a tashar nan tun la'asar har aka yi isha'i, duk motar Akara da ta shigo sai na leƙa. Ma'aikatan ajiyar kaya suka ce in kawo lambar rasit. Rasit ɗin da aka turo mini hotonsa, ko sunan kamfanin bai yi daidai da na jikin motocinsu ba. Kafin in isa gida lambobin uku duk a kashe, hoton da ke kan WhatsApp ɗinsa ya ɓace.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗan yayata na zaune a Sabon Zangon Akara. Daga ƙofar gidansu zuwa Abossey Okai tafiyar ƙafa ce. Da na kira shi tun farko, da kafin shayinsa ya huce ya je ya dawo. Sai bayan ɓarna na tura shi. Ya sami shagon da ke cikin hoton, shago ne na gaske, amma mai shi wani dattijo ne da ke sayar da kayan Toyota, bai taɓa ajiye ko kusar Fijo ba. Ya ce wa yaron ba mu ne na farko da suka zo da hoton nan ba. Shi yaron ne kuma ya saka hoton kan injin a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sai ga shi a wani shafin tallan kayan gwanjo na Faransa, da jaridar da komai.

Da na fara ba da labari a majalisa, sai bakuna suka buɗe. Wani mai tsohuwar Marsandi ta dizal ya ce shi famfon mai aka yi masa alkawari, salon iri ɗaya, har da direban Nkawkaw. Wani kuma shi kaya sun iso masa, amma kan inji ne da aka cike tsagarsa da gam aka fesa masa fentin azurfa. Ya ɗaura, ya biya kuɗin aiki da gasket, bai wuce Ejisu ba mota ta tafasa. Ni a ganina wannan ya fi nawa ciwo. Shi ya sa Masta ke cewa duk kan injin da ya ga yana ƙyalli sai ya fi tsarguwa da shi. Nasa gwajin ba wuya: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar a ga ko haske na wucewa ta ƙasa, a duba ramin fulogi ko zaren ya cinye, a duba hanyoyin ruwa ko sun rube, sannan a kai a matsa masa ruwa kafin a cika kuɗi. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin wannan.

In kuwa kaya na nesa, a ce ya kira ta bidiyo, ya juya kayan a gabanka, ya rubuta sunanka da alli a jiki. Wanda ya ce kyamara ta lalace, ya ari ta maƙwabci. A kasuwa irin Abossey Okai waya ba ta yi wuya ba. In sunan MoMo ya saɓa da na wanda kake magana da shi, ka tsaya nan. Kuma duk direban da ya kira daga hanya yana neman kuɗi kafin ka ga kwali da idonka, ka tambaye shi lambar motarsa, ka je ofishin tasha ka tabbatar.

Na kai rahoto wajen 'yan sanda da kamfanin layi, na kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Duk inda ka je lambar shaidar tura kuɗin za su fara nema, da hotunan hirarku, don haka kada haushi ya sa ka goge. Kwana biyu bayan haka wani ya kira, wai daga ofishin MoMo, an kama kuɗina za a dawo da su, in amince da saƙon da zai fito a wayata in sa lambar sirri. Wannan karon dai na gane muryar direban Nkawkaw. Babu ma'aikacin da ke tambayar lambar sirrinka.

Wasu sun ce in wallafa suna da lambar. Ban yi ba, domin sunan matar da ya fito mai yiwuwa wata baiwar Allah ce da aka yi rajistar layi da katinta ba ta sani ba, kuma mutumin Tafo da wata lamba dabam aka neme shi, da wani suna. Abin da bai sauya ba shi ne hoton, da tambayar XN1, da addu'ar da yake wa mamaci.

Sidi 5,100 sun tafi. Motar na nan kan bulo, an rufe injin da buhu. Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya gaya wa Masta, bai ce komai ba, ya dai girgiza kai ya ci gaba da wanke sufanunsa a kananzir. Hajiya ba ta sani ba har yanzu, in ta tambaya sai in ce kaya na hanya. Kawuna zai bi motar goro zuwa Najeriya bayan sallah, ya ce zai tsaya Kaduna ya shiga kasuwar Panteka. Na naɗe masa tsohon kan injin mai tsaga a buhu, ya tafi da shi ya ajiye kusa da duk wanda za a nuna masa.