Tiyatar gyaran jiki: a yi ta da zafi ko a jira sanyi?

'Yar'uwa da kika ce likita ya bar miki zaɓi, ko a yi miki aikin rage fatar ciki da zuƙe kitse yanzu da ake zafi ko ki bari sanyi ya shigo, kina tambayar wanne ya fi. Toh in ta tawa za ki bi sanyi ne, amma ba da irin ratar da mutane ke zuzutawa ba.

Babban abin da ya sa nace sanyi shi ne rigar matsin nan da ake sawa bayan tiyata don rage kumburi. Bayan irin wannan aikin yawanci sai kin yi sati 4 zuwa 6 kina sanye da ita, makonnin farko ma kusan dare da rana, wanka kawai ke raba ki da ita, kuma ta kama ki tun daga ƙasan ƙirji har ƙugu, wata har cinya. Ki ɗauka ana tsananin zafi, gumi na taruwa a ƙarƙashinta, ga bandeji, ga wurin ɗinki da ake so ya zauna a bushe, ga ƙaiƙayi ba damar sosawa, wlh nan ne zaki ga mutum ya fara cire rigar a ɓoye yana cewa bari in ɗan sha iska, daga minti goma ta zama rabin yini, kumburi kuma ya dawo. Shi kansa zafin yana buɗe hanyoyin jini, shiyasa ko lafiyayye ƙafarsa kan ɗan kumbura da zafi balle jikin da aka yanka. Da sanyi kuwa rigar ma ɗumi take ƙara miki, kayan sanyi masu kauri su rufe komai har robar da ke tsiyayar da ruwan ciwon in an saka miki, babu wanda zai gane.

Amma sanyi ma da nashi, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Lokacin mura ne da tari. Wanda aka ɗinke masa naman ciki in tari ya taso masa ji yake kaman ɗinkin zai ɓalle, shiyasa ake cewa ki danna filo a cikin kafin ki yi tari ko atishawa. In kuma mura ta sauka a ƙirji ana gobe aiki, mai allurar barci zai iya cewa a ɗaga, kinga duk shirinki ya rushe. Sannan sanyi na sa mutum ya naɗe a bargo ya ƙi motsi, alhali tun ranar farko ko washegari ake so ki miƙe ki ɗan taka ko da a duƙe ne, saboda gudun kar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wanda in gudan ya tafi huhu ba ƙaramin hatsari bane. Wannan ya fi gumi muni nesa ba kusa ba.

Maganar rana da tabo kuma kar ki bari a ruɗe ki. Eh sabon tabo in rana ta dake shi yana yin baƙi ya daɗe bai washe ba, musamman ga mai duhun fata, amma tabo kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya gama nuna, kenan ko da sanyi aka yi sai ya ga zafi. Naki ma a ƙasan mara yake, kaya sun rufe shi. Masu aikin fuska ne, gyaran hanci, fatar ido, ko masu gyaran fata da hasken lesa, rana ta fi shafa, su ne sai hula da man kariyar rana mai SPF 30 zuwa sama. Su ma masu hancin busasshiyar iskar sanyi tana busar musu da cikin hanci ga atishawa, don haka nasu lissafin daban ne. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne irin keloid, wannan ba ruwansa da yanayi, ki faɗa wa likitan tun kafin a sa ranar aikin.

In ɗakin da zaki kwanta yana da sanyi, akwai esi ko fanka mai kyau, rabin matsalar zafi ta tafi, a nan sai ki daina kallon yanayi ki kalli kalandarki. Kina buƙatar wajen sati 2 babu aiki, sati 6 babu ɗaukar abu mai nauyi har da ƙaramin yaro, babu shiga ruwan iyo sai ciwon ya rufe ruf, babu doguwar tafiyar jirgi a makonnin farko sai likita ya amince, kuma sai da wanda zai zauna dake kwanakin farko don tashi daga gado ma sai an kama ki. In da zafi ne kike da wannan sararin da mai jinyar, a yi da zafi, ki nemi rigar matsi guda 2 kina wanke ɗaya kina sa ɗaya. In kuma wani biki ne kike hari, ki ƙirga baya aƙalla wata 3, don kumburin ciki baya gama sauka a sati shida.