Kiɗan Turawa mai kukan halin duniya: wanne ya cancanci datarka?

Ka shiga Farm Centre ka ce wa mai tura waƙoƙi ya saka maka kiɗan John Luther Adams, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, kallon da zai yi maka kaɗai ya ishe ka amsa. Irin wannan kiɗa na goge da fiyano sai a Spotify ko YouTube, don haka kafin ka ƙona data, ga yadda na auna guda uku.

Mafi arha shi ne "Elegy for the Arctic" na Ludovico Einaudi, ɗan Italiya. A 2016 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta kai shi tsibiran Svalbard da ke can arewacin ƙasar Norway, aka ɗora fiyano kan dandamali mai yawo a ruwa, yana kaɗawa ƙanƙara na ruftawa a bayansa. Minti uku ne. Sai dai hoton ne ke riƙe da saƙon. In ka rufe ido, kiɗan lallashi ne kawai.

"Become Ocean" na Adams kuwa wani abu ne daban. Minti arba'in da ɗoriya, ba kalma ko ɗaya, shi ya ci Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka, a 2014. An kasa makaɗan gida uku, sautin na tasowa kamar kogi ya kawo, ya cika, ya janye, sau uku, don tuna mana narkewar ƙanƙara da tumbatsar teku. Farko na kunna shi da lasifikar waya a cikin A Daidaita Sahu daga Kabuga, ban ji komai ba sai gurnani kamar janaretan maƙwabta. Sai da dare, an ɗauke wuta, na sa abin sauraro mai rufe kunne ruf, nan fa ambaliyar Maiduguri ta 2024 ta faɗo mini a rai. Wato shi kuɗinsa ba a data yake ba, a abin kunne yake.

Na uku, "Anthracite Fields" na Julia Wolfe, kan masu haƙar kwal a Amurka, Pulitzer ta 2015. Mawaƙa na jero sunayen waɗanda haɗarin rami ya ritsa da su, har ka tuna ma'aikatan kwal 21 da aka harbe a Iva Valley ta Inugu a 1949. Kusan awa guda ne, kuma yana buƙatar Turanci.

Ni dai na Adams na sauke, da datar tsakar dare.